ALIF BA ZAI WANKE DAM ƊIN WASAI BA SAI AN GYARA JAKARA

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan jam'iyyarmu na reshen Minjibir ya yi wa membobi da 'yan kasuwa a taron reshe. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su sami halarta ba su karanta, ko kuwa a karanta musu.



An umurce ni in yi magana yau a kan ruwan Wasai. Tambayar da mutane su ke yawan kawowa ofishin reshe ita ce: wai shin akwai maganin da a ke zuba wa tafki in ya ɓaci, ya koma garau kamar da? Amsar ita ce i, akwai shi, yana kuwa aiki. Kun ma san shi, gama ana sayar da ɗan'uwansa a teburin 'yan koli a kasuwar nan tamu. Amma fa yana da sharaɗi, sharaɗin nan kuwa shi ne abin da na ke so ku tafi da shi gida. Kowa ya zo muku da zancen maganin bai ambaci sharaɗin ba, to, kuɗinku ya ke nema, ba lafiyar ruwanku ba.

Bari mu fara da ruwan kansa. Dam ɗin Wasai, wanda a takardun gwamnati a ke kira Dam ɗin Jakara, an gina shi cikin 1976, a cikin shirin nan na madatsun ruwa da aka soma zamanin Gwamna Audu Bako, shirin da ya ba mu Bagauda da Tiga. Nufin a sami ruwan noman rani, da kamun kifi, da shayar da dabbobi. Niyya mai kyau ce, ba mai musun wannan. Amma daga ina ruwan ya ke zuwa? Tiga daga duwatsu da dazuzzukan kudu ta ke sha. Wasai kuwa daga tsakiyar birnin Kano ya ke sha. Kogin Jakara ya taso ne daga cikin birni, wajen Kasuwar Kurmi, ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, yana tafe yana karɓar ruwan kwatamin unguwa bayan unguwa, da ruwan wanke-wanke, da na wanki, da na mayanka, da abin da ladabi ya hana in ambata sunansa a gaban iyayena. Can gaba sai rafin Getsi ya same shi, ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Sa'an nan su haɗu su miƙo gabas maso arewa, har su zo su kwanta a ƙofar gidanmu. Birnin Kano, duk da miliyoyin mutanen da ke cikinsa, ba shi da babbar magudana ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta ke tara najasar gidaje duka ta kai wurin tacewa. Jakara ita ce magudanar, mu kuwa mu ne ƙarshen hanya.

MENE NE FOSFORAS?

Kada sunan ya razana ku. Duk wanda ya taɓa sayen buhun kamfa ya sayi fosforas da kuɗinsa. Ku dubi jikin buhu, za ku ga haruffa uku, N da P da K. Na tsakiyar nan, P, shi ne fosforas. Dattawan da su ka yi noman gyaɗa zamanin dalar gyaɗa sun san shi da sunan sufa. Abinci ne na shuka, yana sa saiwa ta kama, ƙwaya ta cika. Yana cikin kashin shanu, da kashin kaji, da ƙashi, da toka, da bayan gidan ɗan Adam, yana kuma cikin waɗansu irin garin sabulu. Watau ba guba ba ne, taki ne.

To, abin da taki ya ke yi a gona shi ya ke yi a ruwa, sai dai a ruwa ba gero ya ke tsirarwa ba. Gansakuka ya ke tsirarwa, da kainuwa, da waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya ganin ɗayansu sai in sun taru sun mai da ruwa kore shar kamar an kwaɓa fenti. Hausawa sun ce kainuwa dashen Allah. Gaskiya ne, amma wadda ta rufe fuskar ruwa har taru ya kasa shiga, wannan kam akwai hannun mutum a cikinta. In waɗannan abubuwa su ka mutu sai su nutse ƙasa su ruɓe. Ruɓewar nan tana cinye iskar da kifi ya ke shaƙa a cikin ruwa. Shi ya sa masunci zai fita da asuba bayan daren zafi marar iska, ya tarar karfasa ta taso sama tana haƙi, ko kuwa ta juya ciki ta mutu. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce, yaya aka yi aka san fosforas ne mai laifi, ba wani abu dabam ba? An gwada ne, ba zato ba ne. Cikin 1973, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa su ka sami wani tafki mai siririn ƙugu, su ka raba shi biyu da labulen leda. Gefe guda su ka zuba masa abincin tsiro iri biyu ban da fosforas. Ɗaya gefen su ka zuba masa irin wannan abincin, kana su ka ƙara fosforas. Gefen da ba fosforas ya zauna garau. Gefen da ke da shi ya zama kore. An ɗauki hotonsa daga jirgin sama, hoton nan kuwa ya taimaka ƙwarai wajen sa gwamnatocin ƙasashe da yawa su ka kafa doka a kan fosforas na cikin sabulu da na ruwan najasa.

Akwai kuma abin tsoro da ya wuce mutuwar kifi. Wani irin koren nan yana fid da dafi. Cikin watan Agusta na 2014, aka hana mutanen birnin Toledo a Amurka, wajen mutum 400,000, shan ruwan famfonsu har kusan kwana uku, saboda dafin koren da ya taso a tafkin da su ke ɗiba. An kuma gargaɗe su kada su ce za su tafasa, domin tafasawa ba ta kashe shi. Cikin 2020 giwaye fiye da 300 su ka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin irin wannan kore ne a wuraren shan ruwansu. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiyarka? Saboda haka ina roƙon makiyaya da masu tallar ruwa, in kun ga ruwa ya yi kumfa kore mai kauri a bakin gaɓa, ku kau da dabbobi da yara daga wurin.

YADDA ALIF KE AIKI

Yanzu mu zo ga maganin. Iyayenmu mata sun san alif. In ruwan rijiya ko na kududdufi ya yi gurɓi, a kan jefa ɗan guntu a randa a motsa, kafin a jima datti ya dunƙule ya kwanta a gindi, ruwa ya tsaya fes. Ma'aikatan ruwa na Tamburawa da Challawa ma da irinsa su ke kwantar da laka kafin ruwa ya shiga famfo. To, Turawa su ka ce, abin da ya yi a randa me zai hana ya yi a tafki? Aka fara gwadawa cikin 1968 a wani tafki kusa da birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, sa'an nan cikin 1970 aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka. Daga nan abin ya bazu.

Ga yadda a ke yi. A kan narkar da alif ya zama ruwa, a loda shi a tankuna a kan wani faffaɗan jirgin ruwa mai bututai a bayansa. Jirgin ya riƙa kai da kawowa a kan tafkin layi layi kamar mai huɗa, yana fesawa. Da alif ya gamu da ruwa sai ya zama wani farin abu mai kama da saɓin auduga. Abin nan yana sauka a hankali, yana kama fosforas da ƙura a hanyarsa, har ya shimfiɗu a kan lakar ƙasan tafkin kamar bargo.

Bargon nan shi ne babban aikin, ku saurara da kyau. Tafkin da ya shekara da shekaru yana shan ƙazanta, lakarsa ta zama rumbun fosforas. A cikin laka, sinadarin ƙarfe ne ke riƙe da shi, amma riƙon sakainar kashi ya ke yi masa. Muddin akwai iska a ƙasan ruwa yana riƙe, da zarar iska ta ƙare sai ya sake shi, fosforas ya koma cikin ruwa, kore ya sake tashi, ya mutu, ya ruɓe, ya cinye iska, ƙarfe ya ƙara saki. Haka abin zai yi ta zagayawa. Wannan ya sa ko an tsai da ƙazantar da ke shigowa daga waje, tafki ya kan yi shekaru yana ciyar da kansa da tsohuwar ajiya. Alif kuwa in ya kama fosforas ba ya saki, ko akwai iska ko babu. Amfaninsa ke nan, ya kulle rumbun.

Ba alif kaɗai ba ne. Akwai wani da masanan gwamnatin Ostareliya su ka haɗa, sunansa Phoslock, watau wani irin yumɓu ne da aka cuɗa da sinadarin lantanam. Da shi aka yi wa tafkin nan na cikin lambun Hyde Park a birnin Landan magani cikin 2012, gabannin wasannin Olamfik, domin masu ninkaya za su shiga. Sai dai a kan bukaci wajen kilo 100 nasa kafin a kama kilo 1 na fosforas, kuma daga waje a ke sayo shi da dala. 'Yan kasuwa, ku da ku ka san yadda dala ta ke da naira, ku yi lissafin da kanku.

Alif ma ba abin wasa ba ne. Yana ƙara wa ruwa tsami. In aka zuba fiye da ƙima, tsamin ya wuce iyaka, sai sinadarin da ke cikinsa ya narke ya zama dafi ga kifi, ya toshe musu wurin numfashi. Saboda haka masu aikin su kan auna ruwa da laka tukuna, su kan haɗa shi da wani sinadari mai rage tsami, suna zubawa suna awo. Ina faɗin haka ne domin kada wani mai zuciya ya ji wannan jawabi ya sayo buhun alif ya je ya juye a inda ya ke kamun kifi. Ba zai gyara kome ba, zai iya yin ɓarna.

SHARAƊIN

To, ga inda gizo ke saƙar. Alif yana kulle fosforas ɗin da ya tarar ne. Wanda zai zo gobe ba ruwansa da shi. In Jakara ta ci gaba da kawo sabon kaya dare da rana, sabuwar laka za ta binne bargon, ta kwanta a kansa, ta soma ciyar da kore kamar ba a taɓa yin kome ba. Kamar mutum ne ya share ɗaki tas ana tsakiyar guguwa, ya bar ƙofa da taga a buɗe.

Wannan ba ra'ayin Magatakarda ba ne, an ƙidaya. Cikin 2016 waɗansu masana, shugabansu Brian Huser, su ka buga binciken tafkuna 114 da aka yi wa maganin alif a ƙasashen Turai da Amurka. Su ka tarar, in aka haɗa duka aka raba, amfanin maganin ya kan kai shekara 11. Amma da su ka ware su sai bambanci ya fito. Tafkuna masu zurfi, waɗanda ruwan ƙasansu ke kwance ba ya motsi, wajen shekara 21. Marasa zurfi, waɗanda iska ke dama su har ƙasa, ba su cika shekara 6 ba. Waɗansu ma ba su ga amfanin kome ba. Su ka kuma lura, in ƙasar da ke zubo wa tafki ruwa tana da faɗi ƙwarai bisa ga girman tafkin, maganin ba ya daɗewa. Haka nan in akwai kifaye masu tonon laka da yawa, su kan yaga bargon. Yanzu ku ɗora wannan a kan namu. Masunta sun san wuraren da gora ke taɓa ƙasa in rani ya yi nisa, sun san yadda iskar hunturu ke kaɗa ruwan, sun san tarwaɗa da halinta na tono. Abin da ke zubo mana kuwa babban yanki ne na birnin Kano.

In ba ku misali guda. A jihar Ohayo ta Amurka akwai wani babban tafki marar zurfi, Grand Lake St. Marys, gonaki da gidajen kiwon dabbobi sun kewaye shi. Da kore mai dafi ya kore masu zuwa shaƙatawa, sai gwamnatin jihar ta kashe miliyoyin daloli ta fesa alif cikin 2011 da 2012. Fosforas ya ragu na ɗan lokaci. Amma taki bai daina gangarowa daga gonaki ba, saboda haka kore bai rabu da tafkin ba. Wannan fa Amurka ce, inda akwai kuɗi da jirage da masana. In zuba ruwa a kwando bai yi musu ba, mu ba zai yi mana ba.

Ga kuma waɗanda su ka bi ta ɗaya hanyar. Birnin Siyatil yana bakin wani tafki da a ke kira Tafkin Washington. Cikin shekarun 1950 ruwan najasar garuruwan gefensa ya fara mai da shi kore. Wani malamin jami'a, Edmondson, ya yi ta awo yana gaya wa jama'a gaskiya. Cikin 1958 talakawan wurin su ka jefa ƙuri'a su ka yarda a kafa hukumar da za ta yi aikin. Daga 1963 zuwa 1968 aka gina manyan bututai aka kawar da najasar daga tafkin. Ba su zuba masa alif ba, amma cikin 'yan shekaru ruwan ya washe da kansa. Ku lura da abu biyu a labarin nan: an fara da tushe ne, kuma da ƙuri'a aka fara.

Amma kada in ruɗe ku. Su Siyatil suna da teku kusa, can su ka juya ruwan bayan an tace. Mu ba mu da teku. Ban da haka, akwai 'yan'uwanmu 'yan lambu, tun daga bayan gari har zuwa nan, waɗanda da ruwan Jakara su ke ban ruwan latas da alayyafo da karas da kabeji duk rani, su kai 'Yankaba da sauran kasuwanni. Wanda ya ce a toshe Jakara ya ce a kashe musu tukunya. Ba mu ce a toshe ba. Mun ce a tace kafin ya iso.

Akwai kuma abin da alif ba zai taɓa warkarwa ba ko an zuba tireloli. Malaman Jami'ar Bayero da waɗansu sun sha auna ruwan Jakara da Getsi, sun sami ƙarafa masu cutarwa irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam, wanda masana'antun jima ke aiki da shi. Waɗannan ba taki ba ne, guba ne, suna taruwa a laka da jikin kifi da ganye. Maganinsu ɗaya ne, a tare su a ƙofar masana'anta. Doka ta ɗora wa mai masana'anta ya tace ruwansa kafin ya sake shi. Tun 2007 akwai hukumar tarayya mai suna NESREA da aka kafa domin ta tilasta bin dokokin muhalli, jiha kuma tana da Ma'aikatar Muhalli. Sashe na 20 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuma za ta kiyaye ruwa da iska da ƙasar Nijeriya. Ba alfarma mu ke roƙo ba. 'Yar talla in ta kasa kaya a inda ba a yarda ba, kafin azahar an zo mata. Muna so mu ga irin wannan zafin nama a bakin bututun masu kuɗi.

DUKIYA CE TA ƁATA HANYA

Akwai wani abu da ke ci mini rai cikin wannan al'amari, shi ne asara. Ƙasar nan tamu ta kewayen Kano ta shahara har a littattafan Turawa, domin an yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Zariya, ya zauna ya yi nazarin abin cikin shekarun 1960. Asirin ba wani boyayye ba ne, kakanninmu ne da jakunansu. Da rani su kai itace da kara birni, su komo da mangala cike da taki da toka da sharar gida, su zuba a gona tsibi tsibi. Abincin da ƙauye ya kai birni, ragowarsa ta komo ƙauye ta zama abinci. Fosforas ɗin nan da mu ke kuka da shi yau, shi ne su ke ɗaukowa a bayan jaki.

Yau fa? Birni ya sako shi cikin ruwa, ya gauraye da gubar masana'anta, ya zo ya kashe mana kifi. Mu kuma mu tafi kasuwa mu sayi wani a buhu da tsada. Mafi yawan dutsen fosforas na duniya a Maroko ya ke, cikin 2016 ma Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko domin a riƙa kawo shi a haɗa taki a nan. Kai jama'a! Muna sayowa daga bakin tekun arewa, muna zubar da namu a Wasai, sa'an nan a ce mu sayo wani magani daga waje mu binne shi. Ina ɗan kasuwar da zai yi irin wannan ciniki ya kwana da jari?

Saboda haka ga abin da reshenmu ya ke ganin ya kamata, kuma jerin yana da muhimmanci kamar yadda ba a shuka kafin a yi sharar gona. A fara da awo. A sa malaman jami'a su auna nawa ne ke shigowa ta Jakara, nawa ne ke tasowa daga laka, rani da damina, a kuma buga sakamakon da Hausa a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma da bakin kasuwa, kada a kulle shi a durowa. Sa'an nan a raba ruwan masana'anta da ruwan gidaje, kowace masana'anta ta tace nata da kuɗinta. Ruwan gidaje da na mayanka kuwa a gina masa manyan tafkunan tacewa a jere kafin ya iso dam, inda datti zai kwanta, rana da ciyayin ruwa su yi aikinsu. Ƙasa mai zafin rana irin tamu ta dace da wannan hanya, ba ta kuwa bukatar injuna masu yawa da za su tsaya ranar da aka ɗauke wuta. A gabashin birnin Kalkata na Indiya an daɗe ana bi da ruwan najasar birni ta cikin tafkuna irin waɗannan, har ana kiwon kifi da noman ganye da shi. In ma za a yi aiki da alif, to, wurinsa na fari shi ne nan, a wurin tacewa, inda za a iya kwashe abin da ya kwanta. Lakar da aka auna aka tabbata ba gubar masana'anta a cikinta, a mayar wa manoma. Motocin kwasar masai a ba su wurin juyewa na ƙa'ida. Mu ma manoma na gefen dam muna da namu, kada mu watsa taki dab da bakin ruwa ana shirin ruwan sama, mu bar ɗan zirin ciyawa tsakanin gona da gaɓa.

Bayan an yi wannan duka, in awo ya nuna tsohuwar laka ce ta rage tana ciyar da kore, a sa'an nan ne maganar fesa alif a dam ɗin za ta zama magana. Ranar nan ni da kaina zan tsaya a nan in goyi bayanta.

Me ya sa na ke nanata jerin nan? Domin na san halin masu mulki, ku ma kun sani. Fesa magani aiki ne mai daɗin kwangila. Ana yinsa cikin 'yan makonni, ruwa ya washe nan da nan, a kawo masu ɗaukar hoto, a yanka kirtani, a yi jawabi. Kafin kore ya komo an ci zaɓe an wuce. Gina wurin tacewa kuwa da matsa wa masu masana'anta aiki ne na shekaru, ba shi da kiɗa, yana kuma ɓata wa manya rai. In ba talaka ya tsaya kai da fata ba, na farin za a zaɓa. Iyayenmu da su ka kafa NEPU cikin 1950, da Malam Aminu Kano da ya ja ragamarta, sun sha ɗauri da bulala domin talaka ya sami bakin tambayar hukuma ina aka kai harajinsa. Bakin nan yana nan, gado ne, sai mu yi aiki da shi.

In wani ɗan takara ko wakilin hukuma ya zo da albishir ɗin za a zuba wa dam magani, kada ku yi masa ihu, kada kuma ku tafa. Ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku tambaye shi: Ranka ya daɗe, an auna lakar? Ina takardar awon? Me aka yi wa Jakara da Getsi tukuna? Shekara nawa maganin zai yi, wa zai biya in ya ƙare? In kifi ya mutu wurin fesawa, wa zai biya masunta? In ya amsa, madalla. In ya shiga kame-kame, kun gane.

Kafin nan akwai aikin da ba sai mun jira kowa ba. Reshe ya ajiye littafi a ofis. Masunta da 'yan lambu da mata masu sayar da kifi, duk ranar da ku ka ga ruwa ya juya kore, ko ya yi wari, ko kifi ya mutu, ko dabba ta sha ta kwanta, ku zo ku faɗa a rubuta ranar da wurin. Wanda ke da waya mai hoto ya ɗauka. Wanda ba ya iya zuwa ya gaya wa wakilin mazaɓarsa, na Wasai, da na Kunya, da na Kantama, da sauransu, su kawo ranar kasuwa. Da wannan littafi za mu rubuta takardar kuka zuwa ga majalisar ƙaramar hukuma da ɗan majalisarmu na jiha, za a karanta muku ita a taro kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Muna kuma neman mutum biyu daga 'yan kasuwar kifi da biyu daga 'yan gwari da za su shiga kwamitin, a ba da sunayensu ga Ma'aji kafin a watse.